Shugabar da Ta Sauka da Kanta: Labarin Ƙungiyar SEWA ta Indiya

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Indiya ne, mu duba yadda wata ƙungiyar mata talakawa ta sauya shugabanci ba tare da ta watse ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, mu nan zango mun sha ganin ƙungiyoyin da aka kafa da ɗoki, amma ranar da mai kafawar ya rasu ko ya yi ƙaura, sai a nemi littafin kuɗi da hatimi a rasa.

Sunan ƙungiyar SEWA, wato ƙungiyar mata masu sana'ar kansu. Wata lauya mai suna Ela Bhatt ce ta kafa ta a birnin Ahmedabad na jihar Gujarat a shekarar 1972. Lokacin tana shugabar sashen mata a ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ta birnin. A 1971 wasu mata 'yan dako da masu tura amalanke a kasuwar tufafi suka kawo mata kuka, irin matan nan da muke gani ɗauke da kaya a ka a babbar kasuwar Kumasi. Ba su da albashi, ba su da takardar aiki, abin da ɗan kasuwa ya ga dama shi yake ba su.

Da aka je yin rajista sai hukuma ta ƙi, wai ƙungiyar ƙwadago sai da ubangidan da za a yi jayayya da shi, su kuwa waɗannan mata ba su da ubangida. Matan suka dage cewa ba don faɗa da wani kaɗai ake haɗa kai ba, har aka ba su rajista.

To, a nan ne hangen nesan ya fara bayyana. Ba su tsaya ga neman ƙarin kuɗin dako ba. Manufa biyu suka sa a gaba: kowace mace ta samu cikakken aikin da zai ba ta abinci, da lafiya, da muhalli, da kulawar yara, sannan ta dogara da kanta, ita da ƙungiyarta. A 1974 mata 4,000 suka zuba rupi 10 kowacce suka kafa bankinsu, domin masu ba da bashi da ruwa sun shanye musu riba, manyan bankuna kuma ba sa kallonsu. Da yake yawancinsu ba su iya sa hannu ba, sai aka riƙa amfani da hotonsu wajen shaida mai ajiya. Mu malaman makaranta abin ya burge mu, don ba a ce sai mace ta koyi rubutu kafin ta mallaki asusu ba.

A 1981 aka jarraba su. Rikici ya tashi a Gujarat kan guraben karatu da ake keɓe wa ƙasƙantattun al'umma, Ela Bhatt ta fito fili ta goyi bayansu, sai uwar ƙungiyar ta masaƙa ta kore su. Maimakon su durƙushe, daga nan ma suka ƙara bunƙasa, saboda banki nasu ne, mambobi nasu ne.

Yanzu ga inda maganar take. A 1996, bayan shekara 24 tana babbar sakatariya, Ela Bhatt ta sauka. Shekarunta 63 ke nan ko kusa da haka, lafiyarta lau, ba wanda ya yi mata tawaye, sunanta kuma ya riga ya zaga duniya. A wannan shekarar ce ma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar kare masu yin aiki a cikin gidajensu, wadda SEWA ta daɗe tana fafutuka a kai. Wato ta sauka ne ana cikin nasara, lokacin da shugaba ya fi jin daɗin kujera. Ba ta kuma miƙa wa ɗanta ko 'yarta ba. Tsarin ƙungiyar ne ya yi aiki: mambobi a kowace sana'a suna zaɓen wakilansu, wakilai kuma su zaɓi kwamitin zartarwa duk bayan shekara 3.

Sai dai kada mu yi wa labarin kwalliya fiye da kima. Wadda ta fara gadonta, Mirai Chatterjee, a jami'o'in Amurka ta yi karatu, Harvard da Johns Hopkins. Reema Nanavaty da ta biyo baya a 1999 ita ma 'yar boko ce. Mai suka zai iya cewa daga hannun masu ilimi aka miƙa wa masu ilimi, talaka na kallo, kuma a ganinmu sukar tana da ƙanshin gaskiya. Amma daga bisani kujerar ta kai ga Jyoti Macwan, matar da ta tashi tana aikin ganyen taba a karkarar Gujarat tun tana yarinya. Ba tsalle ta yi ba, daga mamba ta fara, ta zama mai haɗa kan mata a ƙauyuka, har ta kai sama. Irin wannan hawa sai an yi shekaru ana koya wa mamba yadda ake jagorantar taro, da riƙe lissafi, da tsayawa gaban jami'in gwamnati ba tare da rawar murya ba.

Bayan saukar Ela Bhatt aikin bai tsaya ba. SEWA na cikin waɗanda suka matsa har majalisar Indiya ta yi dokar kare masu kasa kaya a bakin titi a 2014. Ita kanta ta koma ga rubuce-rubuce da shawara, ta fitar da littafi a 2015 inda ta ba da shawarar cewa al'umma su riƙa samun abinci, sutura, muhalli, magani, ilimi da banki a cikin tazarar mil 100 daga inda suke zaune. Ta rasu ranar 2 ga Nuwamba, 2022, shekara 26 bayan ta bar kujera, mambobin ƙungiyar kuwa a lokacin sun haura miliyan 2.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.