Bala Miller: ɗan Zariyar da muka share daga tarihin kiɗan Hausa

1/ Tambaya ga matasan Arewa: wa ya san Bala Miller? Ban da leƙa Google. Wasu za su ce ɗan ƙwallo ne, wasu su ce Bature ne. To ɗan Zariya ne, makaɗi ne, kuma rashin saninsa da muka yi abin kunya ne. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ An haife shi a Pankshin a 1928, ya rasu a 2003. Mahaifinsa limamin coci ne daga Zariya, cikin Hausawan farko da suka karɓi Kiristanci. Ya yi karatu a Legas, can ya goge da makaɗan highlife. A shekarun 1970 ya haɗa tawagarsa, Great Music Pirameeds of Afrika.

3/ Ɗan Arewa yana jin sunan nan zai tuno dalar gyaɗar Kano. Tawagar kuma ba ƙarama ba ce, mutum sama da 20: masu busa, masu jita, masu ganguna, masu amshi. A shekarun 1980 yana da shirinsa na kansa a NTA, Bala Miller Show. Ku tambayi iyayenku da suka zauna Kaduna ko Kano lokacin.

4/ Ka san wahalar haɗa mutum 20 su yi kiɗa ɗaya? Sai an tsara wa kowane rukuni abin da zai yi: inda masu busa za su shigo, inda za su yi shiru su bar wa murya fili, inda ganga za ta canza taki. Mutum ɗaya ya kuskure, kowa ya ji. Wannan tsarin shi ne aikin Bala.

5/ Sannan ya ɗora Hausa a kai. Harshe ne mai karin sauti da dogo da gajeren wasali, in ka ja gaɓa inda bai kamata ba ma'ana ta tashi. Dole busar ta bi harshen. Je ka saurari Ikon Allah, ka kasa kunne ga yadda masu busa ke karɓa wa mai waƙa.

6/ Abin da ke ƙona min rai: a 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da faifan Nigeria 70, ya sa Ikon Allah kusa da Fela, Tony Allen da Victor Uwaifo. Bature ya ga darajar abin ya adana. Mu masu harshen ko sunansa ba mu riƙe ba.

7/ Na san uzurin farko: "ai kiɗan Turawa ne, ba namu ba." To fiyanon Yamaha da aka gina waƙoƙin Kannywood a kai, a Hunkuyi aka ƙera shi? DJ ɗin da ke cika mana kunne a bukukuwa daga Makarfi har Ikara, kalangu yake kaɗawa? Haba jama'a.

8/ Kuma haɗa makaɗa da yawa ba Bature ya koya mana ba. Fadar Zazzau na da kakaki, algaita, farai da tambari, kowanne da gurbinsa da lokacin shigarsa. Shata na da 'yan kalangu da 'yan amshi. Kunnen Bahaushe ya san rukuni tun tuni. Bala kayan aiki ya sauya.

9/ Uzuri na biyu ba a faɗarsa a fili, amma shi ne babba: sunansa Miller, kuma Kirista ne. Da sunansa Bala Makarfi ko Bala Kudan, wallahi da yanzu ɗalibai sun rubuta kundin digiri a kansa har an gaji.

10/ Mu 'yan yankin nan ma mu ne bai kamata mu yi wannan mantuwar ba. A Gimi, nan ƙasar Makarfi, zuriyar Isawa suka zauna tare da 'yan mishan na CMS wajen 1913. Ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa a 1929.

11/ Wusasan nan ita ta fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU, 1966 zuwa 1975. Su muna alfahari da su in ana gardama da 'yan Kudu. In an zo kan makaɗi sai a ce ba namu ba?

12/ Har gobe akwai Hausawa Kiristoci a ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan. Tare muke noman rake, tare muke cin kasuwa. Tarihin da ya share Bala yana gaya musu ne cewa harshen nasu ne, amma gadon ba su da kaso. Ni ban yarda da wannan rabon ba.

13/ Uzuri na uku: "ni ba na jin kiɗa." Madalla, ba wanda ya ce ka taka rawa. Mai nazarin tarihi yana karanta takardun Lugga ba don yana ƙaunarsa ba. Faifai ma takarda ce, sai dai da kunne ake karanta ta.

14/ Me faifan ke faɗa? Cewa a Najeriyar bayan yaƙin basasa, lokacin kuɗin mai da FESTAC 77, Hausa na kan babban dandali, mutanen da ba harshensu ba ne suna ji suna rausayawa. Cewa akwai kuɗi da haƙurin riƙe makaɗa 20 da horar da su.

15/ Yana kuma gyara mana lissafi. Mun saba ba da labarin kamar daga Shata da Ɗanƙwairo sai aka yi tsalle zuwa Turmin Danya a 1990 da waƙoƙin fim. A tsakiya akwai 'yan badujala na soja da 'yan sanda, akwai makaɗan otal, akwai Bala. An cire tsani guda.

16/ Ba ina cewa ya fi Shata ba, kar wani ya zo min da wannan a ƙasa. Wajen sarrafa magana Shata daban ne. Fagensu ba ɗaya ba. Amma gidan da ya ɗauki Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge ba zai rasa ɗakin Bala ba.

17/ Kuma lokaci ba ya jira. Kaset na cin danshi, faifai na karcewa, yaran da suka yi busa a tawagarsa yanzu dattawa ne. Duk wanda ya rasu ba a yi hira da shi ba, ya tafi da abin da babu a intanet.

18/ Don haka 'yan aji huɗu masu neman abin rubutawa, musamman na ABU da BUK: ga fili nan. A tambayi NTA abin da ya rage na shirinsa. A leƙa Arewa House. A shiga Wusasa a gaida dattawa. Waya mai ɗaukar murya ta isa a fara.

19/ Wanda gidansu ke da faifai ko kaset ko hoton tawagar, don Allah ya ɗauka ya saka a ƙasa. Wanda ya zo zagi kuma, sharaɗi ɗaya: saurari Ikon Allah daga farko har ƙarshe tukuna, sai mu yi magana.