Zauren 'Yan Mata: Hannun Da Ke Yi Wa Ƙani Wanka

Daga nan Indabo nake miƙo gaisuwa. Yau mun ɗan jingine hirar soyayya, domin sai da rai da lafiya ake kwalliyar zance.

Maganar ciwon dajin ƙoda na kawo muku. Likitocin Amurka sun daɗe da lura cewa idan ciwon nan ya kama Bature da baƙar fata, baƙar fatar ya fi saurin rasuwa. Kar ki ɗora laifin a kan launin fata, 'yar uwa. Da aka bi diddigi sai aka tarar hawan jini da lalacewar ƙoda sun fi yawa a cikin baƙaƙen, kuma ba su cika samun tiyata a kan kari ba.

To mu fa? Akwai irin da ke kama yara, galibi 'yan ƙasa da shekara 5, ana ce masa Wilms, sunan likitan Jamus da ya yi rubutu a kansa a 1899. A Turai yara 9 cikin 10 suna warkewa. A ƙasashen Afirka da dama kuwa ko rabi ba sa tsira. Ciwo ɗaya ne, jinkiri da rashin kuɗi ne suka raba mu da su.

Alamarsa ƙullutu ne mai tauri a gefe ɗaya na ciki, sau da yawa ba zafi, yaro na ta wasansa. Ni dai ina tambaya, wa ke yi wa ƙani wanka a gidanku? Wa ke goya shi? Ke ce. Hannunki ne zai fara ji. Don Allah kar ki yi shiru, kuma ki lallaɓa Inna kar a ce saifa ce a kira wanzami ya yi tsaga. A kai shi Babban Asibitin Wudil, in ya fi ƙarfinsu su tura ku Asibitin Malam Aminu Kano a ɗauki hoton ciki.

Akwai kuma wani irin da aka gano a 1995, wanda kusan ba ya kama kowa sai masu jinin AS, kuma samari da 'yan mata ya fi kamawa. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya AS ne. Kwantar da hankalinki, ciwon ba shi da yawa ko kaɗan, amma in ya zo ba ya jira. Alamarsa fitsarin jini da ciwon kwiɓi. Mu da muke kusa da Kogin Wudil, da an ga jini sai a ce ai tsargiya ce. Galibi ita ɗin ce, amma gwaji ne zai faɗa, ba maƙwabciya ba.

Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure. Ki karɓi takardarki, ki san rukuninki, ki adana ta kamar yadda kike adana wasiƙar masoyi. In kin je asibiti ki faɗa wa likita, kunya ba ta magani.

Allah Ya raya mana ƙannenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina sauraron wasiƙunku.