Wa Zai Biya Kuɗin Iskar Masu Nutso?

'Yan Arewa mazauna Ikko da Fatakwal da Warri sun saba ganin ma'aikatan kamfanonin mai suna goye da tukunyar ƙarfe suna shiga ƙarƙashin teku. Irin waɗannan ma'aikata ne suka tsamo Harrison Okene da ransa a 2013, bayan ya yi kusan kwana uku cikin jirgin da ya nutse. To amma a Abuja, babban birnin Tarayya tun 1991, in ruwa ya ci mutum a tafkin Jabi ko madatsar Usuma ko kogin Gurara, galibi masunta ne ake kira su faɗa ruwa da numfashin da ke ƙirjinsu kawai.

Dalilin da aka saba bayarwa shi ne tsada, kuma lalle akwai ta. Tukunyar da aka fi amfani da ita tana cin kamar lita 11, ana kuwa matsa iska a cikinta har ta ninka nauyin iskar sarari sau 200. Ba a cika ta da famfon mai faci. Sai da inji na musamman mai tace iska, domin in hayaƙin inji ya shiga, mai nutso na iya sumewa a ƙarƙashin ruwa. Har ila yau tilas a riƙa gwada ƙarfin tukunyar lokaci-lokaci don kada ta fashe. Kuma a zurfin mita 10 mutum yana shan iska ninki biyu na abin da yake sha a tudu, watau tukunya ɗaya ba ta isar aikin yini. Duk kayan nan daga waje ake sayo su, ga shi darajar Naira ta faɗi ƙwarai tun 2023.

Saboda haka mai ba da haya dole ya ɗora waɗannan kuɗaɗe a kan mai karɓa. Ga Baturen da ya je kallon kifi don nishaɗi wannan daidai ne. Amma masuncin da aka taso da tsakar dare ya ceci ɗan wani, ina zai sami kuɗin haya? Ko kuwa iyayen yaron za a ce su biya kafin a shiga ruwa?

Ambaliyar rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Yunin 2023, da kifewar jirgin 'yan biki a Patigi cikin wannan wata, inda mutane fiye da 100 suka rasu, sun isa ishara. Tun ran gini ran zane. Ya kamata Ma'aikatar Birnin Tarayya da hukumar NEMA su ajiye injin cika iska da tukwane a kusa da manyan ruwayen Abuja, su koya wa masunta aiki da su ta hannun sarakunan ruwa, cikawa kuma ta zama kyauta kamar ruwan motar kashe gobara. Horon nan wajibi ne, gama wanda ya riƙe numfashi yana tasowa da iskar tukunya na iya fasa huhunsa.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa na Kudu kuwa, in wakilansu na Majalisa sun zo neman goyon baya, sai su tambaye su wannan magana. Allah Ya kiyaye.