A Ba Makarantun Kwana Na'urar Neman Agaji

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta sa an rufe layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13, har da Malumfashi da Funtuwa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Amma manomin da aka tare a gonar audugarsa shi ma sai ya rasa yadda zai nemi agaji. Ko da aka maido da layukan, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun magana.

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai dabara. Wayar da ke da GPS ta san inda take ko babu layi, domin taurarin ɗan'adam take saurare. Aika labarin ne yake gagarar ta. Amma akwai ƙananan na'urori, irin su inReach, masu tura lambobin wurin da mutum yake ta taurarin Iridium guda 66, ba ruwansu da turken kamfanin waya, muddin sama a buɗe take.

A ganina ya kamata a ba kowace makarantar kwana da kowane dagaci irin wannan na'ura. Ba mu manta da daren Disamba na 2020 ba, da aka kora ɗalibai fiye da 300 daga Ƙanƙara zuwa daji.

Wasu za su ce tana da tsada, ga kuɗin wata-wata. Gaskiya ne, amma bai kai kuɗin fansa ba. Sai dai lalle a ajiye jami'an da za su karɓi saƙon dare da rana, su tashi nan take. In babu wannan, an yi aikin banza. Allah ya kare mu, amin.