Ashirin da biyu da rabi

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe abin buga tenis ba, kuma a fadarmu ta nan Maraɗi kaf babu wanda ya taɓa taka filinsa. Amma ka zo bayan isha'i, shayi na bisa wuta, ka ji samari suna gardama kan wani ɗan wasan da ke karawa a Monastir ta Tunisiya, wai bugun farawarsa na da ƙarfi, lalle "sama" za ta fito. Na yi wata huɗu cikinsu, kuɗin bursuna suna wucewa ta salula, shi ya sa nake da bakin magana.

Ga wanda Allah ya tsare bai san abin ba: karawar tenis ta kasu seti-seti, kowane seti kuma ƙananan wasanni ne, wanda ya riga kai shida da ratar biyu ya ɗauke shi. Mai gidan caca sai ya aza lamba, galibi wajen 22,5, ya ce ka zaɓa: jimillar wasannin za ta haura ko za ta kasa? In an tashi 7-5 da 6-4, 22 ke nan, ƙasa ta ci. In an tashi 7-6 da 6-4, 23 ke nan, sama ta ci. Wannan rabin da aka liƙa, don kada a yi kunnen doki ne, dole ɗayanku ya kwana da takaici.

Haramcin caca na bar wa malamai, kowa ya ji shi tun a makarantar allo. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke ce wa wannan "nazari". Mai yin cacar ƙwallo ya san son kulob ne ke jansa. Mu kuwa ɗalibai muna ganin mun fi shi wayo, ai lissafi muke. To, mu yi lissafin. A ce riɓin da aka ba kowane ɓangare 1,85 ne, irin wanda na saba gani. Ni na zuba jikka guda a sama, kai ka zuba jikka guda a ƙasa. Mai gida ya karɓi sefa 2000, ya biya wanda ya ci 1850, ya soke 150 a aljihu, ko wa ya ci. Kafin ka mai da uwar kuɗinka kawai, sai ka dace sau 54 cikin 100. Mu kuma ba ma tsayawa kan karawa guda, biyar muke jerawa a takarda ɗaya. Damar su fito duka ɗaya ce cikin 32, abin da za a biya ka bai kai riɓi 22 ba. Wallahi ɗan aji uku na koleji zai gano wannan, mu da ke jami'a muka kasa.

Kuma wannan in wasan na gaskiya ne. Ƙananan gasannin da ke cika mana salula dare da rana, wasunsu kyautarsu gaba ɗaya dala 15.000 ce (dalar Amurka, ba tamu ta sefa biyar ba), a raba wa ƴan wasa da yawa da suka biya jirgi da masauki daga aljihunsu. Irin wannan yaro ba sai ya sai da karawar duka ba. Ya saki seti guda, ko ya zubar da wasa biyu, ya dawo ya ci abinsa, jimilla ta koma inda wanda ya saye shi ke so. Ba zargi nake ba. A 2018 an kori Karim Hossam ɗan Masar daga tenis har abada saboda cinikin wasa, a 2020 ƙanensa Youssef ya bi shi. A 2023 kotu a Beljiyam ta ɗaure Grigor Sargsyan shekara biyar, mutumin da ya sayi ƴan wasa fiye da ɗari. Kai kana Zariya ko Ali Ɗan Sofo kana duba ƙididdigar bugun farawa, wani ya riga ya san sakamakon tun da hantsi.

Na san abin da za a ce: ai wane ya ci jikka tamanin ran nan. Ya ci, na ga hoton takardar, kowa ma ya gani a WhatsApp. Ku ce ya buɗe muku tarihin asusunsa tun daga farko. Ni na buɗe nawa ranar da na je bugo takardun darasi na tarar ba ni da ko na shafi goma. Na zuba jikka 61 cikin wata huɗu, abin da ya dawo 38, shi ma na mai da shi ciki. A daren nan na kira tsohuwa a ƙauye na ce mata bursu ce ba ta fito ba, ta sai da akuyarta ta aiko mini.