Masoro da kanumfari sun shiga ɗakin bincike

Duk uwar da ke da yaro mai amosanin jini, wanda muke kira emasi, ta san daren da ciwon ƙashi ke tashi. Yaro na ihu, ba rauni a jiki, ba kumburin da za a nuna. Gari na wayewa sai a ruga wurin mai tebur a sayo tramol. Mun gani a Tsibiri, mun gani a Jiratawa, cikin birnin Maraɗi kuwa ba a magana.

Shi ya sa yau muka ɗauko labarin Farfesa Charles Wambebe, masanin haɗa magunguna da ya yi digirinsa na dokta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1979, ya kuma koyar a can. Daga 1994 zuwa 2001 ya shugabanci cibiyar binciken magunguna ta Najeriya da ke Abuja. A nan ne wani mai maganin gargajiya daga Oyo, Paul Ogunyale, ya miƙa musu haɗin da yake bai wa masu emasi.

To, 'yan uwa mata masu kayan yaji, ku saurara. Haɗin nan abu huɗu ne: masoro, kanumfari, ganyen dawa, da wani jan itace da Yarabawa ke kira osun. Biyun farko suna nan cikin faifanku!

Wambebe bai raina mai maganin ba, bai kuma gaskata shi ido rufe ba. Shekaru suka yi suna awo, suna gwadawa a kan dabbobi don gane ko da guba, kafin a bai wa marasa lafiya bisa ƙa'ida. Aka samu maganin Niprisan. Ba ya warkar da emasi, amma yana rage yawan tashin ciwon. Kada wata ta ji wannan ta je ta daka masoro ta ɗura wa yaro. Awon nan shi ne maganin.

Sai dai labarin ya yi ɗaci. An ƙaddamar da shi a 2006, kamfanin Amurka da aka bai wa izini ya karye, magani ya ɓace daga kanti. Sai a 2018 kamfanin May & Baker ya karɓi izinin. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani, kaya mai kyau ba dillali nagari, asara ce. Farfesan ya rasu a 2022.

Mu ma muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, muna da masu sassaƙe da saiwa a kowace kasuwa. Muna kira ga hukumomi da manyan attajiranmu su ɗauki nauyin ɗalibai ko da biyu ne, su koyo wannan aiki, su zo su auna abin da ake bai wa masu ciwon ƙashi da masu ciwon daji a gidajenmu.