Ƙarin ƙarfi ga tsohon kamiyo: a fara da iska



Kowace shekara, da watan Maris ya kama, albasa na fita daga garake na Galmi, Madawa da Ƙonni. Da kaka kuma wake, gyaɗa da aya na cika kasuwannin Maraɗi da Tasawa. Duk wanga kaya a bayan kamiyo yake tafiya, kuma kamiyon da ke shiga ƙauyukanmu da yawa tsofaffi ne: Mercedes mai gajeren hanci, ko Berliet. A Faransa an daina sa wa mota sunan Berliet tun 1980, ke nan wanda ka gani a hanya ya haura shekara 40 yana aiki.

Idan tsohon kamiyo ya fara nishi a kan tudu, shawara ɗaya ce ake ba mai shi a tasha: a kai shi garaji a buɗe mashi pompi. Makanisiye ya tsinke dalmar da kamfani ya sa, ya murɗa ƴar ƙusa da turnabis, mota ta tashi tana aman baƙin hayaƙi, kowa ya ce ta samu ƙarfi. Ra'ayinmu shi ne wagga ɗabi'a tana kashe injuna, tana cinye kuɗɗin masu su, kuma asararta tana komawa kan manomi. Ana iya ƙara wa tsohon inji ƙarfi, amma pompi shi ne wuri na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

MENE NE DOKI?

Ƙarfin inji da doki ake auna shi. Doki 1 shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama, mita 1, cikin daƙiƙa 1. Moto-pompin da kake ban ruwa da shi a garka bai wuce doki 5 ko 6 ba. Injin da ke cikin Mercedes mai gajeren hanci da yawa, wanda ake kira OM 352, ya fito a 1964. Silinda 6 gare shi, cikinsa lita 5,7, ƙarfinsa doki 130. Daga baya kamfanin ya fito da OM 352 A. Girman cikin bai canza ba, amma ƙarfin ya kai doki 168. Waɗannan dawaki 38 daga turbo sunka fito, wato abin da ke tura wa inji iska. Sai da iska ta ƙaru sannan anka ƙara gazuwal.

Matanmu sun san wanga ilimi a bakin murhu. Idan ka cusa itace da yawa har iska ta rasa hanya, hayaƙi za ka sha, tuwo kuwa ba zai nuna da wuri ba. Haka inji yake. Kafin lita 1 ta gazuwal ta ƙone sarai, tana buƙatar iska wajen lita dubu 10, wato cikin tano 50. Wannan shi ne mafi ƙaranci, domin injin gazuwal yana son rarar iska a kan haka. Ƙasarmu kuma zafi gare ta, iska mai zafi ba ta da nauyi. Ranar da zafi ya kai digiri 45, iskar da inji ke shaƙa ta ragu da kusan kashi 1 cikin 10 in an gwada da ranar sanyi mai digiri 15. Lokacin fitar albasa, lokacin ne inji ya fi ƙarancin numfashi.

ABIN DA ƘUSAR KE YI

Gaskiya ne, in an murɗa ƙusar mota na ƙara ɗan kuzari, domin kamfani yakan bar ƴar rara. Da an wuce wagga rara, gazuwal ɗin da ya ƙaru ba ya samun iskar da zai ƙone da ita. Baƙin hayaƙin nan da direba ke alfahari da shi, gazuwal ne da ka saya da kuɗɗinka yake fita ta bututu bai yi maka aikin komi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Wutar cikin silinda tana ƙara zafi, kuma tana daɗewa tana ci. Piston da alminiyom anka yi shi, ƙarfen tukwanenmu, wanda ke narkewa a digiri 660, kuma yana yin laushi tun kafin a kai nan. Kan piston ya fara cinyewa, sagiman su maƙale, juwan na kulasi ya ƙone, wani lokaci kulasin kansa ya tsage. Gazuwal ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinke man inji. Baƙin toka kuma ya shiga man ya riƙa goge ƙarfe. Wagga ɓarna ba ta bayyana ranar da anka murɗa ƙusa, shi ya sa makanisiye ke amsar kuɗɗinsa da yabo. Tana bayyana bayan watanni, a kan hanya, da kaya a baya.

Akwai ƙusa ta biyu wadda ta fi ta farko haɗari. A jikin pompi akwai ragilater, shi ne linzamin da ke hana inji wuce iyakar juyawarsa. Wasu na sassauta shi don mota ta ƙara gudu. Injin da ya wuce iyaka, supap na iya karo da piston, biyel na iya karyewa ya huda jikin inji. Wannan ba ya gyaruwa, sai sayen wani. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ka kuma tuna da aparanti da fasinjan da ke zaune bisa buhuna. A 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke kawo kansar huhu. Su ne ke shaƙarsa tun daga kasuwa har gida.

INA DAWAKIN SUNKA TAFI?

Injin da ya fito da doki 130, in yau yana ja kamar mai 90, dawakinsa ba su mutu ba. An ɗaure su ne a wurare da aka sani, kuma kwance su ya fi murɗa ƙusa amfani. Ga inda za ka duba, bi da bi.

Na farko, matacin iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin Dakwaro da Tanut tana toshe shi cikin kwanaki. In mai kwanon mai ne, a zubar da laka, a wanke, a zuba sabon mai daidai layin da anka zana. In na takarda ne, a canza shi. Kada a huda shi, kada a cire shi, domin rairayi a cikin silinda ya fi wuƙa.

Na biyu, feda. Sa yaro ya taka ta har ƙasa, inji a kashe, kai kuma ka duba ko hannun pompi ya kai maƙurarsa. A tsofaffin motoci ƙarafan da ke tsakani sukan yi sako-sako, direba na takawa iyakar ƙarfinsa, pompi bai buɗe duka ba. Gyaran minti 10 ne.

Na uku, matatan gazuwal da tanki. Tsakanin ƙarafan cikin pompi akwai rata wadda ta fi gashin kai siranta sau 20. Ruwa ko ƙura kaɗan sun isa su ɓata ta. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace gazuwal cikin ƙasa, amma mai mai kyau ma yana lalacewa a bido mai datti. In dole ta sa ka sayi na bakin hanya, bar shi ya kwana ya kwanta, ka tace, ka bar na gindi.

Na huɗu, anjektar, wato bakunan da ke fesa gazuwal cikin silinda. A irin injin Mercedes ɗin nan suna buɗewa a matsi na kusan bar 200, su fesa mai kamar hazo. Wanda ya gaji ɗiga yake yi, ɗigo kuwa ba ya ƙonewa da kyau. Akwai ƙaramin abin gwaji na hannu da masu gyaran pompi ke da shi. A gwada duka shida.

Na biyar, kalaj na pompi da ratar supap. In fesawa ta makara, inji na zafi ba ƙarfi. In ta yi wuri da yawa, yana ƙwanƙwasa, yana dukan piston. A daidaita su da alamomin kamfani, kada a yi da kunne.

Na shida, abin da ke riƙe mota daga waje: birkin da ke kamawa, tayoyi marasa isasshiyar iska, radiyater da ƙaiƙayi ya toshe, igiyar fanka da ta saki.

Launin hayaƙi ma yana magana. Baƙi, gazuwal ya fi iska yawa. Shuɗi, inji na cin mai, sagiman sun gaji. Fari bayan inji ya yi zafi, ko fesawa ta makara, ko ruwa na shiga silinda. Injin da ke shuɗin hayaƙi ba ya neman ƙarin gazuwal. Tsufa ne ya kama shi, maganinsa a buɗe shi a sa sababbin sagiman.

GA WANDA KE SON ƘARI DA GASKE

In an yi duk wannan, mai mota yana son ƙari, to ya bi hanyar maƙeri. Maƙeri in yana son wuta mai ƙarfi, zugazugi yake kamawa. Turbo shi ne zugazugin inji: hayaƙin da ke fita ne ke juya shi, shi kuma ya tura iska ciki. In an haɗa da ƙaramin radiyater mai sanyaya iskar kafin ta shiga, ya fi kyau ga ƙasa mai zafi.

Amma kamfani, lokacin da ya sa turbo, bai ɗaura shi kawai ba. Ya canza piston, ya rage matsin silinda, ya gyara pompi da anjektar don su dace. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce a sayi injin da ya fito da turbo daga kamfani a ɗora. Wanda ya zaɓi ɗaura turbo a kan injin da babu, ya yi ƙari kaɗan, ya kai pompi wurin masu injin gwaji a daidaita shi da awo, a mayar da dalma. Ya sa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba, in allura ta doshi digiri 700 a ɗaga ƙafa a sauko da bitesi. Ya riƙa canza man inji da wuri. Bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi minti 2 ko 3 yana aiki a hankali kafin a kashe, don turbo ya huce.

Kada a manta, inji kaɗai anka ƙara wa ƙarfi. Ambarayaj, bwat, lam da birki suna nan da tsufansu. Mota in ta ninka gudunta, nisan da take buƙata kafin ta tsaya yana ninkawa sau 4. Gangaren Keita da Buza ba ya tambayar doki nawa ke cikin inji, birki yake tambaya.

RABON MANOMI CIKIN LAIFIN

Mai mota zai ce maka gazuwal da tsada, kayan gyara da tsada, in bai ƙara buhuna ba, ba ya fita. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Mu ma manoma da ƴan kasuwa muna da hannu, domin mu ne ke roƙon a ƙara buhu 10, a ƙara 20, har lam su miƙe. Lodin da ya wuce kima shi ke kai mutane ga ƙusar pompi.

A 2005 ƙungiyar UEMOA ta sa doka a kan nauyin da kowace gindin taya za ta ɗauka, domin hanyoyi na mutuwa kafin lokacinsu. Masana hanya sun auna cewa in nauyin da ke kan gindin taya ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa gudron na ninkawa wajen sau 16. Ramukan da ke karya mana amalanke da motoci, daga nan wasu sunka fito.

Ga mai mota muna da shawara mai sauƙi. Ka sayi kaye, ka riƙa rubuta lita nawa ka sha a kowace tafiya, da nauyin da ka ɗauka, da kuɗɗin gyara. Ka yi haka wata 3. Lissafin zai faɗa maka ko hayaƙin nan riba ne.

Kai kuma manomi, ka yi tunanin albasarka. Kamiyon da ya lalace tsakanin Ƙonni da Dosso a watan Afrilu, ya kwana 3 a rana ana jiran piston, buhunan da ke kansa ruwa za su fara yi. Mai mota zai yi kukan injinsa, kai kuma aikin wata 5 ne ka rasa. Saboda haka in za ka yi haya, tsaya ka ga motar ta tashi da kaya. Ɗan hayaƙi lokacin tashi ba komi ba ne. In kuwa tana tafe tana rufe hanya da baƙi, nemi wata, ko da ta fi tsada kaɗan. Araha ba ta ado.

Koperatib da ke da kamiyo nata, ta sa a cikin dokarta cewa ba mai tsinke dalmar pompi sai da yardar kwamiti. A ware kuɗɗin matata da gwajin anjektar tun watan Janairu, kafin albasa ta nuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tattauna wagga magana a taronku na gaba, ku gayyato direban da makanisiyen ku ji ta bakinsu.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kaya kasuwa lafiya.